Wandunan Illo a Rumfar Tela

Zamanin soja, shekarar da fari ya koro mutanen karkara Yamai, Illo ya kai wa tela wandunansa a kasuwar Lazaret a rage ƙugu. Wata tsohuwa ta dube shi da tausayi.

"Wayyo ɗana! Yunwar har gidan masu babbar riga ta shiga?"

"A'a, Inna. Likita ya ce kitsen tumbina ke toshe jijiyoyin jini, yana wahalar da zuciyata, sai na rage ci. Yau ya auna ni, ya ce na tsallake."

"Mu da muke cewa tumbi arziki ne!"

"Arziki ne mana. Tuwon da nake cinyewa ni kaɗai, yanzu shi ke ƙosar da ƙanena da ya gudo daga Tawa da 'ya'yansa biyu."

Tsohuwa ta ɗaga hannuwa sama. "To, Allah ya ƙara maka rama!"