Inda Za a Kai Hamidu

A tashar Gazawa, shekarar babban fari, wani dattijo makiyayi ya tare ɗan kasuwar da ke jiran mota kusa da shi.

"Alhaji, taya ni murna! Ɗana Hamidu ya ci jarrabawa, manyan lakol biyu na kiransa, Yamai da Zariya!"

"Barka, Baba! Ai ta Zariya ta fi suna, sai dai tsada."

"Suna? Duka biyun na je da ƙafata. Na duba wuyan ɗalibai, har na shafa haƙarƙarin wasu. Na Yamai sun fi ƙiba!"

"Haba Baba, saniya za ka kai?"

"Shanu sittin fari ya kashe mani, Alhaji. Shi kaɗai ya rage a garkena. Inda ake ƙoshi zan kai shi."