Dokin Baba Yana Nan Gida

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Hajara ce daga Koki.

Bayan rasuwar Baba, yayana ya ce a sayar da tsohon dokinsa tunda ya gurgunce. Na roƙe shi, ya ƙi. Sai 'yata ta kunna masa fim ɗin wani littafin makarantarsu, inda doki ke ba da labarin wahalar da ya sha daga hannu zuwa hannu. Ta ce, "Kawu, a littafin ma ya fi shan wuya."

Da fim ɗin ya ƙare, Yaya ya ce, "A bar shi, zan riƙa kawo harawa."

Don Allah masu sauraro, me ake yi wa kumburin ƙafar doki? Ya fara cin abinci, saura ya miƙe.