Takardu Arba'in da Uku na Malam Mati

Jawabin Aƙilu ɗan Kulu a sadakar arba'in ta Malam Mati, ƙofar gidansa, Tudun Aduwa, 1965

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Magaji, dagacin garinmu. Allah gafarta Liman. Sarkin Noma, Hedimasta, da dattawan da suka taso daga Funtuwa da Malumfashi. Alhaji Rabe, babban ɗan mamaci, da ƙanensa Ummaru. Inna Hansai, matar mamaci, da 'ya'yanta mata da ke ji na daga bayan zana. Jama'a, sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Na ga wasu sun ɗaga gira da aka tsayar da ni. Ni ma na yi mamaki. Ni ne dai Aƙilun da kuka sani, mai ɗaukar buhu a kasuwar auduga, wanda bai taɓa shiga aji ba, sai a jikin buhu da tsohuwar jarida ya koyi haɗa baƙi. Inna Hansai ce ta ce ni zan yi magana, wai don na fi kowa musu da Malam. Ɗazu Liman ya ja ni gefe ya ce in sassauta harshe. Zan gwada, Allah gafarta Liman, amma ban yi alkawari ba, domin gobe za a raba gado, kuma akwai abu ɗaya a ɗakin nan da nake tsoron a raba.

Malam Mati ya kasance mutum mai tambaya. In ka ce masa gonar nan ta kakanka ce, sai ya ce, wa ya faɗa maka? In ka ce kowa ya sani, sai ya ce, kafin kowa ya sani fa, wa ya fara sani?

Shekara huɗu ke nan da na fara shiga zauren nan, kuma da faɗa na shigo. Ni da Baffa Maitama muna rigima a kan iyakar gona. Baffa, ga ka can kana murmushi, ka bari in gama. Malam ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Kuna da wani tsohon rubutu a gida?"

Na ce, "Babu, sai layar rumbu."

Ya ce, "Faffaɗa ce, ta jar fata, ba a taɓa buɗe ta ba?"

Na ce, "Ita ce."

Ya ce, "Je ka ɗauko."

Na ɗauko, mahaifiyata Kulu na biye da ni tana salati. Ta ce, "Malam, tun kakan kakansu take rataye don gara. In ka farke ta gara ta cinye mana dawa, kai za ka ciyar da mu?"

Ya ce, "Kulu, bara gara ta ci dawarku?"

Ta ce, "Ta ci."

Ya ce, "To kin ga dama ba ta aikin. Miƙo aska."

Jama'a, ba laya ba ce. Takardar shaidar gona ce, da hatimin alƙali a ƙasanta. Malam ya ce wannan ce ta shida da ya ciro daga cikin fata a garin nan. Mutanen da, in alƙali ya ba su takarda suka ga Bismillah a samanta, sai su kai wa baduku ya ɗinke don kada ta taɓa ƙasa. Uba ya san abin da ke ciki, ɗa ya ji ƙishin-ƙishin, jika kuwa laya kawai ya sani. Girmama rubutu ne ya sa muka daina karanta shi.

Ya karanta mana. Larabci ne, amma sunayen mutane da itatuwa namu ne: gonar Jatau ɗan Barmo, daga gabas kanya mai reshe biyu, daga kudu hanyar fatake, daga arewa rafi, daga yamma gonar Tasalla. Kanyar tana nan har yau, kuma tana daidai inda Baffa ya ce. Ni na kawo takardar da ta kayar da ni, da hannuna. Na ce, "Malam, ba ka iya karatu ba!" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "To zauna ka koya, ka gyara mini." Na zauna don in kama shi da kuskure. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban kama shi ba, sai dai na wayi gari na iya karatun.

Ya kasance mutum mai haƙurin da ni ba ni da shi. Shekara talatin yana bin gidaje da rumbuna, daga nan har Kafur da Danja, a kan keken da ba shi da birki, yana roƙon mutane tsohuwar takarda. Wasu suka ba shi kyauta, wasu suka ce ya ajiye. Ya tara arba'in da uku a gafaka ɗaya. Kuma ga yadda yake aiki, don yawancinku ba ku taɓa tsayawa kun gani ba. Kowace takarda tana faɗin maƙwabtanta huɗu. Sai ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye ta Jatau, ya nemo wadda ta ce gonar Jatau tana yammacinta, ya ajiye ta a gefen gabas. Haka, ɗaya bayan ɗaya, yana danne kowace da tsakuwa, har tabarma ta cika. In ka miƙe tsaye ka duba, garin nan za ka gani yadda yake kafin a haifi kakan kowa a nan. Ga hanyar fatake, ga rijiya, ga inda kura ta hana noma har alƙali ya rubuta "kurmin kura" a matsayin iyaka.

Ya kasance yana ɗaga takarda ga rana kafin ya karanta. Na ce, "Me kake nema, ko aljani?" Ya ce in zo in duba. A cikin jikin takardar, ba da tawada ba, akwai jinjirin wata uku a jere. Ya ce alamar masu yin takardar ce, daga hayin teku, ta ratso hamada a bayan raƙumi. Na kwana uku ina tunanin abin. Takarda ta yi wannan tafiya duka don a rubuta inda kanyar Baffa take! Mafi tsufa a cikinsu shekarar Hijira ta dubu da ɗari da tamanin ce a jikinta, tun kafin jihadi. Ku yi lissafi da kanku, ta haura shekara ɗari biyu.

Sarkin Noma, ranka ya daɗe, kai shaida ne a kan marina. Takardu uku suka ce iyakarsu marina ce, kuma tabarma ta nuna tsakiyar gonarka. Ka ce, "Mati, ko shuni ba a taɓa jiƙawa a garin nan ba, kada ka lalata mini kunya." Ya jira aka yi girbi, ya ɗauki galma. Ramin bai kai gwiwa ba ƙasa ta fito shuɗiya. Bakin rami goma sha bakwai muka ƙirga ranar. Mu da muke ɗaukar kanmu manoman auduga da ke sayar wa wasu su saƙa, ashe kakanninmu sun saƙa sun rina. Ina suka tafi? Me ya rufe ramukan? Malam bai sani ba, kuma bai taɓa ƙirƙira ba. Sai ya ce, "Takardar ba ta zo ba tukuna."

Malam Raufu mai kanti, ka taso daga Funtuwa, mun gode. Kai ka ba shi gilashin ƙara girman rubutu da idonsa ya raunana. Ka tuna ranar da ya nuna maka sunan wani Bayarabe mai goro cikin shaidun wata takarda, ya ce, "Raufu, daina cewa kai baƙo ne, naku sun riga wasunmu sa hannu a garin nan."

Mu kuwa me muka yi masa? Mu muka sa masa suna Malam Kan-iyaka. Mu muka ce ya bar karatun lahira yana bin kanya da kuka. Wani mai littafi ya zo da mota daga birni neman tarihin garinmu, ya rubuta sunayen dagatai, bai yi awa ɗaya ba ya shiga mota. Malam ya biyo shi da gafaka yana haki, mutumin ya leƙa ya ce, "Wannan ai na addini ne, Baba." Muka yi dariya. Har da ni a masu dariyar, kuma har yau abin yana ci na. To, Liman, na ga hannunka, na sassauta.

Malam ya tafi da tambaya ɗaya a bakinsa. Tasalla. Takardu huɗu sun kewaye gonarta ta kowane gefe, amma tata ba ta fito ba. Rami ne a tsakiyar tabarma. Mace ce da gona wadda ta fi ta kowa girma, kuma marinar nan a bakin iyakarta take. Wace ce ita? Gado ta ci ko ita ta sare dajin? Kwana biyu kafin ya rasu ya ce mini, "Aƙilu, tana rataye a rumbun wani."

Yanzu, Yaya Alhaji, da kai nake, da Ummaru, da 'yan'uwanku mata. Na ji an shirya gobe a kasa takardun nan kowa ya ɗauki rabonsa don albarkar Malam. Na san da ƙauna kuka yi niyya. Amma Ummaru zai tafi da nasa Dandume, wasu su tafi Danja, kowa ya ga Bismillah a sama ya kai wa baduku. Shekara hamsin nan gaba jikokinku za su rataye su don gara. Abin da mahaifinku ya shekara talatin yana farkewa, za ku ɗinke shi cikin yini ɗaya. Ku raba gona, ku raba tumaki, ku raba keken in akwai mai so. Gafakar nan ku bar ta wuri ɗaya. Malam Raufu ya kawo akwatin ƙarfe, ga shi can a jingine.

Ni ba magaji ba ne, ba ni da iko. Abin da nake da shi ke nan: takardar Jatau, wadda ta kayar da ni. Mahaifiyata ta amince. Ga ta, na ɗora a kan gafaka, sun zama arba'in da huɗu.

Na'am, Yaya Alhaji? Ɗaga murya, na bayan zana su ji.

Jama'a, kun ji. Ya ce a sa su a akwatin, a ajiye a zauren nan, mai so ya zo ya karanta. Ummaru ya gyaɗa kai. Inna Hansai, na ji muryarki, Allah Ya saka. Allah gafarta Liman, kafin a watse a rubuta wannan magana, a sa kwanan wata, Magaji da Sarkin Noma su zama shaidu, yadda mutanen da suka yi. Kuma don Allah kada kowa ya kai ta wajen baduku.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Wanda na taka da harshe ya yafe mini. In kun koma gida ku leƙa rumbunanku, ko Tasalla tana can.

Allah Ka jiƙan bawanKa Mati, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa abin da ya tara ya amfani waɗanda ba a haifa ba. Ka ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin. Fatiha.