Ranar da Sumintra Ta Sayi Nama

An ce ɗan Sumintra da ya ɓata a teku ya dawo. Hujjar masu faɗa ita ce wai za ta ci nama, ita da ta yi alwashin ba za ta taɓa shi ba sai ɗan nata Viren ya shigo gida. Ni ban cika yarda da "an ce" ba, sai na bi ta kasuwar garin Labasa, na same ta gaban wani mahauci da bai san ta ba.

"Inna, cinya ko haƙarƙari?"

"Wanne ya fi taushi? Na manta."

"Ana manta nama? Ko likita ne ya hana ki, yau kin tsere masa?"

"Ni na hana kaina, tun kana goye."

"To, yau akwai shagali ke nan! Baƙi nawa? A ƙara hanta?"

"Babu baƙo. Yanko kaɗan. Ku Musulmi, in an tashi daga zaman makoki me kuke dafawa?"

Mahaucin ya ajiye wuƙa. "Abin da ya samu, Inna."

"Mu a gidanmu sai an ɗora nama kowa ya kai loma, sannan makoki ya ƙare."

"Allah sarki. Yaushe aka yi rasuwar?"

"Ban sani ba, ɗana. Teku bai faɗa mini ba. Sa haƙarƙarin, shi yarona yake so."

Viren bai dawo ba. Kwanan baya ta kira malamin haikalin da suke ibada, aka yi masa jana'iza ba gawa.