An Ba Ni Usur Saboda Tsayina

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni malamar lissafi ce a wata kwalejin 'yan mata a Rano. Da aka fara Shari'a, shugabanmu ya hana namiji koyar da ɗalibai ƙwallon raga. Ya sauke Malam Garba, wanda ya taɓa buga wa jiha, ya miƙa mini usur. Ya ce, "Malama, ai ke doguwa ce." Iyakar cancantata ke nan. Yanzu ta bayan katanga Malam Garba ke faɗa mini abin yi. Ranar Asabar za mu kara da 'yan Kibiya, kuma in muka faɗi za a rushe ƙungiyar. Don Allah, macen da ta taɓa bugawa ta zo ta karɓi usur ɗin nan, ko da gajera ce.

Malama Hadiza, Rurum Sabon Gari.