Sukarin Saverio

A ɗakin jira na wani asibiti a Milan, jakar wata dattijuwa ta kife, ƙananan ƙulle-ƙullen sukari suka watse. Mutumin da ke gefenta ya duƙa yana tattarawa.

"Baiwar Allah, shagon kofi kika fasa?"

"Na mijina Saverio ne. Ciwon sukari gare shi; sukarin jininsa kan sauka bai sani ba, sai dai in tsince shi a ƙasa."

"Ba a dasa masa ƙwayoyin da ke yin insulin ba?"

"An dasa, jikinsa ya kashe su. Yanzu za a sake dasawa, a haɗa da ƙwayoyin ɓargonsa, su kare su."

"Gwaji ne fa. Ku jira mana a tabbatar da ingancinsa."

"Shi zai iya jira. Ni likitana ya ce ba zan ga baɗi ba. Kuma ba inda zan je sai ya daina bukatar jakar nan."