Keken Ɗinkina a Kan Kwalbati

Mai girma shugaban taro, manyan masu kaki da ke kujerun gaba, iyaye, da ku 'ya'yanmu masu neman aiki, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba tela irina damar magana. Tun safe kowane shugaba ke tashi yana bayyana wa yaran nan bambancin aikinsa da na ɗan'uwansa. Ni kuwa a yini ɗaya na koyi bambancin nan.

Kwana tara ke nan, da rana tsaka, wani ya ɗora keken ɗinkina a baro ya fice daga kasuwa. Da ya ji ihu, sai ya kifar da shi a kan kwalbatin da ke tsakanin ƙofa da titi, ya arce.

Na farko, mai gadin kasuwa. Ya sheƙo har bakin ƙofa ya ja birki, ya ce, "Mama, huruminmu nan ya ƙare." Wallahi da ya miƙa sandarsa da ta taɓa keken.

Na biyu, mai ba da hannu. Ya leƙo ya ce, "Ni abin da ke kan kwalta nake kula da shi. In ya gangaro ki kira ni."

Na uku, ɗan sanda. Shi ne ma ya yi ƙoƙari: ya zagaya keken sau biyu, ya ce keken ya zama shaida, kada kowa ya taɓa sai an tantance ko na kasuwa ne ko na titi. 'Yan sintiri kuwa suka ce abin da ya faru da rana ba ruwansu.

To ga bambancin, 'ya'yana. Hula daban, takalmi daban, amsa ɗaya!

Ruwa ya daki keken nan sau uku. Kayan makarantar yara arba'in na jibge a shagona, jibi ake komawa, kuma da keken nan nake ciyar da gidana. Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa. Saboda haka ina sanar da ku, da zarar na sauka daga nan zan je in ɗauki abina. Wanda ya kama ni a cikinku, ya dawo ya gaya wa yaran nan cewa aikin ashe nasa ne.

Allah ya ba 'ya'yanmu aikin da za su yarda nasu ne. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.